Rabin Duron Bayan Madafi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Abba, ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka, da gajiyar ɗaurin kayan da kuke ta fama da shi kwana uku. Allah ya sa aikin nan da aka ba ka a Azare ya zama na alheri, ya kai ku lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoron Allah, amin.

Za ka yi mamakin takarda daga mutumin da tsakanin ɗakinsa da naka bai fi taku goma ba. To ka san halina, ka kuma san kai ɗan fari ne. Ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da kai in ce ga laifina. Na gwada shekaranjiya bayan la'asar. Ka zo ka durƙusa, na buɗe baki, sai na ji ina tambayarka ko an duba tayoyin motar da za ta kwashe ku. Shi ya sa na koma ga biro, shi ne abin da na iya tun ina koyarwa.

Da farko dai, ka daina neman rabin duron nan. Na ji ka jiya kana tambayar matarka Hafsatu inda ya shiga, har kana cewa ko 'yan gwangwan ne suka leƙo. Ba kowa ba ne, ni ne. Na gan shi cikin kayanku an ɗaure shi tare da turmi, na kuma ji ka gaya mata wai bola tana da nisa da gidan hayar, gara ku tafi da abin ƙona shara. Da kuka shiga ciki sai na kwance shi na ja shi ɗakina. Yana nan bayan ƙofa, na rufa masa tsohuwar darduma. Tsoho da satar duro, ka ji abin kunya. Amma ba zai hau motar nan ba, kuma dalilin ne nake so ka karanta a tsanake.

Shekarar da aka kawo Ummanku gidan nan, ina sabon malamin firamare, ina ji da kaina sosai. Farar shadda, hula a karye, biro biyu a aljihu. Wata safiya zan fita makaranta ta miƙo min kwandon shara ta ce, "Malam, tun da hanyarka ce, ka zubar min a bola." Ita ba ta fita, ka sani, kuma a lokacin ba mu da ɗa ko ɗaya. Na karɓa ban kawo komai a raina ba. Ina isa gindin dalbejiyar nan ta bakin layi, majalisa ta cika ana shan shayi, sai Ɗanladi tela ya ɗaga murya ya ce, "A'a, jama'a ku ba da hanya, ga mijin-ta-ce zai wuce!" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariya, amma a raina kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na dawo da azahar na ajiye mata kwandon a tsakar gida na ce kada ta sake ba ni shi. Ta dube ni ta ce, "To, Malam." Ba ta sake ba kuwa, har ta koma ga Allah.

Dariyar nan ba ta kai minti ɗaya ba. Na tabbata kafin shayinsu ya huce sun manta da ni. Ni ne na ɗauke ta na shigo da ita gida na aza wa matata, ta yi shekara talatin da wani abu tana ɗauke da ita. Don haka Abba, duk ranar da abokanka suka yi maka dariya kan wani aiki da ka yi wa gidanka, ka yi dariyar tare da su, gobe ka sake yin aikin. Kwana uku za su yi su gaji. Ni ban tsaya na ga kwana ukun ba.

Ban taɓa tambayarta yadda take yi da sharar ba. Ni dai in na dawo ina tarar da tsakar gida fes, sai in ce alhamdulillahi na auri mai tsafta. Sai bayan rasuwarta na gane tsarin da take bi. Toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ganyen da ya zubo, waɗannan juji take kai su can ƙuryar gida, su ruɓe su zama taki. Ragowar tuwo da ruwan tsari na awaki ne da kaji. Gwangwani da tsohon ƙarfe da fasasshiyar roba tana tara su a buhu, in masu saye sun yi sallama ta miƙa ta bayan ƙofa. Abu ɗaya ne ba shi da wurin zuwa, leda. Da farko ba ta da yawa, amma ka ga yadda zamani ya koma, ko gishirin miya ka saya sai an ƙulla maka a leda, ga ta fiya-wata, ga ta burodi, ga ta kifin bakin gada da nake shigowa da shi ranar Juma'a ina jin ni maigida ne mai kyautatawa. Ni nake kawo ledar, ita ke rasa yadda za ta yi da ita. Sai ta sa aka samo mata rabin duro, ta ajiye bayan madafi, ta riƙa cinna mata wuta.

Sau ɗaya na taɓa yin magana a kan duron, kuma ka ji maganar da na yi. Na ɗauko rigata daga igiya na ji tana warin hayaƙi, na ce mata wannan wace irin ƙazanta ce, malamin makaranta zai shiga aji yana warin bola? Daga ranar ta daina ƙonawa da sassafe. Sai ta jira na fita, ta kwashe kayana ta kai ɗaki ta rufe taga, sannan ta tsaya ita kaɗai a lungun nan da iska ba ta ratsawa tana juya wutar da kara. Rigata ba ta sake wari ba, na kuwa ji daɗi. In ka ga gidanka tsaf, Abba, ka tambaya ina dattin ya tafi, wa ya kai shi, da me ta kai shi. Tambaya ce ta minti ɗaya, ni ban yi ta ba.

Laifi na gaba kai na yi wa shi, kai da ƙanwarka Zainab. Kana ɗan shekara bakwai Ummanku ta ba ka bokitin shara ka kai bola. Ina zaune a zaure ka zo wucewa, kana ɗauke da shi da hannu biyu kana fara'a, wai an ba ka aikin manya. Na daka maka tsawa na ce ajiye, ba aikinka ba ne, a ba Zainab. Ita lokacin da ƙyar take ɗaga shi. Na ga yadda ka ajiye bokitin ka goge hannunka a wando kamar ka taɓa najasa. Ban sani ba ko kana tuna ranar, amma ni ina tunawa, domin a ranar na koya maka abin da na ga kana yi yau.

Zainab ta yi ta kai shara har ta fara zama budurwa. A lokacin an gine filin da tsohuwar bolar take, sai an tsallaka titi ake zubarwa, ga samari zaune a hanya. Sai na ce ai kuma girma ya zo, 'yata ba za ta riƙa yawo da bokiti a ka ba. Na hana ta. Ka lura da lissafin ubanka mai koyar da lissafi: na hana kaina saboda ni maigida ne, na hana ka saboda kai namiji ne, na hana ta saboda ita mace ce, ita kuma Ummanku ba ta fita. Mutum huɗu a gida, kowa da hannu da ƙafa, amma babu wanda aka yarje wa ya kai shara waje. Ban tsaya na tambayi kaina to wa ya rage ba. Duro ya rage, ya koma aiki kullum. In Allah ya ba ka 'ya'ya, maza da mata, ka ba kowa bokitin nan bi da bi, kai ne na farko a layi.

Tari ya fara mata a hankali. Na ce mura ce, na tsaya kemis na sayo ruwan magani. Ya lafa ya dawo, na ce sanyin kogi ne. Shekara ta zagayo tana tari, na ce hayaƙin murhu ne, ai duk matan garin nan haka suke. Sai da ta kai in ta ɗebo ruwa a rijiya sai ta zauna ta huta kafin ta kai randa, sannan na kai ta asibiti a Kano. Kana makaranta a lokacin, ba ka ga wannan ba. Likitar mace ce, yarinya ƙarama, da kaɗan ta girmi Zainab. Ta ɗaga hoton ƙirjin ta duba, ta tambaya da me ake girki, aka ce itace da gawayi. Sai ta ce, "Baba, ana ƙona leda a gidanku?" Wallahi Abba, na buɗe baki zan ce a'a, don ni a sanina ba a yi, tun da ba na gani. Ummanku ce ta amsa a hankali ta ce, "Ana ɗan yi." Likita ta ce tun yaushe. Ta ce, "Tun kafin a haifi babban." Likitar ta dube ni kawai ta sunkuya ta ci gaba da rubutu. Da ma zagina ta yi.

A mota muna dawowa, mun wuce gada, na ce mata me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba. Ta ce, "Ai na faɗa, Malam, sau ɗaya. Ka ce kada in sake." Ba da fushi ta faɗa ba, har tana gyara min wuyan riga. Na hana ƙona leda daga ranar, na riƙa ɗaukar sharar da kaina. Amma ka ji wani abin kunyar, da duku-duku nake fita da ita bayan sallar asuba, in bi ta bayan layi don kada majalisa ta gan ni. Matata tana kwance tana neman numfashi, ni kuma har lokacin ina ɓuyan Ɗanladi tela.

Ban ce leda ce ta kashe ta ba. Ajali na Allah ne, kuma likitar ma ba ta ce abu ɗaya ne ya jawo ba. Amma na san abin da hannuna ya ƙi ɗauka, kuma na san za a tambaye ni. In matarka ta yi tari ya wuce mako biyu, kada ka tsaya kemis, kada ka ce sanyi ne. Ka kai ta a duba, kuma in likita ya yi tambaya kan gidanka, ka zama kai ne mai amsar.

Bayan ta rasu na gane wani abin kuma. Ka san gonarmu ta Dagumawa, ka san yadda nake cika baki da ita. Duk shekara dawarmu ta fi ta maƙwabta, in an tambaye ni sirrin sai in ce ai noma ilimi ne. Bazarar farko da ba ta nan, na sa aka kwashe jujin gida a amalanke aka watsa a gona kamar yadda aka saba. Duk shekarar ni kaɗai ne a gidan, kana wurin bautar ƙasa, Zainab tana ɗakinta a Utai, kuma komai na share jujin nake juyewa don ban san ana warewa ba. Da ruwan farko ya sauka na je dubawa, sai na ga gonar ta yi baƙi da fari, leda ko'ina, ga tsofaffin batura, ga fasassun kwalabe. Inda leda ta binne, shuka ba ta fito ba. Na tsaya a tsakiyar gonar ni kaɗai, sai a nan na gane cewa takin da nake alfahari da shi, da hannunta take tsince shi kullum kafin ya isa juji. Shekara da shekaru ana yaba min, ko sau ɗaya ban ce aikinta ne ba, domin ban ma sani ba. Na yini ina bin kunyoyin gonar ina tsintar leda, ina kuka, ba kowa sai tsuntsaye.

A wannan daminar ce kuma jar akuyarta ta mutu, wadda take kira Hajiya saboda ƙasaitarta. Ta daina cin abinci, ciki ya kumbura, ta rame. Na kira mahauci ya yanka ta kafin ta tafi a banza. Da ya farke tumbin sai ya ciro dunƙulen leda ya fi kan jariri, ya ɗaga ya nuna min ya ce, "Malam, a gida ta ci wannan." Shekarun da Ummanku ta yi tana kiwo, ko ɗan akuya ɗaya bai taɓa mutuwa da leda ba. Ni a shekara ɗaya na kashe mata wadda ta fi so. Akuyar nan ce kaɗai take motsi a tsakar gida in na dawo daga masallaci. Bayan ita, sai in yi sallama a ƙofa in amsa wa kaina.

Za ka ce to ai Baba ya ɗauki darasi. Ban ɗauka ba, kuma wannan shi ne laifin da ya fi ci min rai, don sabo ne. Da ka yi aure aka kawo Hafsatu, gida ya dawo da rai, na sake jin ƙarar tsintsiya da safe. Kwana biyu da tarewarta ta gan ni da bokitin shara, ta rugo ta durƙusa ta ce, "Haba Baba, ina cikin gidan nan za ka ɗauki shara? Don Allah ka kawo." Na ba ta. Na ce a raina yarinya mai tarbiyya, kuma gaskiya na ji sauƙi, na huta da bin bayan layi. Ban tambaye ta ina za ta kai ba, alhali na san ita ma ba fita take ba. Duron nan ban yar da shi ba bayan rasuwar Ummanku, na kife shi ne kawai a inda yake, na kasa rabuwa da shi. Ashe ta gan shi ta gane amfaninsa.

Makon jiya na fasa zuwa gona saboda ciwon gwiwa, ba ku san ina ɗaki ba. Na ga ka fito da shirin fita, bokitin shara yana bakin ƙofarku a cike, ka ɗaga ƙafa ka tsallake shi kana duba waya. Tafiyarka ce, amma kaina na gani a cikinta. Da hantsi sai na ji warin. Wannan warin ko a kabari aka kawo min zan gane shi. Na leƙa ta taga na gan ta a lungun, ga cikinta ya fito, ta rufe hanci da gefen mayafi tana juya wutar da kara. Ta kwashe kayanka daga igiya tukuna, na lura da wannan. Sai ta yi tari sau biyu. Kunyar surukuta ta hana ni fita in yi mata magana, kunyar ɗan fari ta hana ni yi maka, na zauna a bakin gado ina salati har wutar ta mutu.

A can Azare ba ku da juji, ba ku da awaki, ba ta san kowa ba. Duk abin da za ku zubar leda ce da roba, ga kuma famfas in an sauka lafiya. Idan duron nan ya bi ku, ita za ta tsaya a kansa da goyo a bayanta, kai kana ofis, kuma ba za ta taɓa faɗa maka ba. Irin Ummanku ce, za ta ce "to" ne kawai. Don haka ranar da kuka sauka, kafin ka nemi mai gyaran wuta, ka nemi inda ake zubar da shara. In akwai masu kwasa da kura, ka yi magana da su da bakinka. In babu, ka sa a buhu ka ɗaure a bayan babur ka kai a hanyarka ta aiki, da rana tsaka, kowa yana gani. Ka rage shigo da leda, ka riƙa fita da jaka in za ka cefane. Kada ka ce taimaka mata kake yi. Sharar gidanka ce, rabin ta ma kai ka shigo da ita.

Ni kada ka damu da ni. Gidan zai koma shiru kamar da, na san shi, mun saba. Zainab takan leƙo ranar kasuwa. Na iya dafa shinkafa da wake yanzu, ko da yake wanda ya ci ba ya neman ƙari. Zan yi kewarku, ina faɗa a takarda tun da ba zan iya faɗa da baki ba. Zan yi kewar muryar yarinyar nan tana gaishe ni ta bayan labule, da ƙarar babur ɗinka in ka dawo. Amma na fi son in zauna ni kaɗai ina jin kuna lafiya a nesa, da a ce wata rana kai ma ka zauna a irin ɗakin nan kana rubuta wa ɗanka irin wannan takarda.

Allah ya tsare hanyarku, ya kare ku daga sharrin ƙarfe da na mutum. Allah ya sauki Hafsatu lafiya, ya ba ta numfashi mai sauƙi da tsawon rai. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi ubanka. Allah ya jiƙan Ummanku, ya haskaka kabarinta, ya sa ta yafe min.

Saura roƙo ɗaya. Direba ya ce sai ƙarfe goma zai zo gobe. Sharar da kuka tara wajen kwashe kaya na zuba ta a bokiti biyu, suna nan a zaure. Ƙarfe takwas, lokacin da majalisa ta cika, zan sa farar shaddata in ɗauki ɗaya in bi ta gindin dalbejiya. Ɗanladi yana nan a wurin, ya tsufa, ido ya yi rauni, amma bakin bai mutu ba. Ba sai ka ce min ka karanta takardar nan ba, ba ma sai mun haɗa ido ba. In na ji takunka a bayana, na san ka karanta. In ban ji ba, zan kai nawa in dawo in ɗauki na biyun, ba kuma zan riƙe ka a zuciya ba, don ni na ce ka ajiye shi tun kana ɗan shekara bakwai. Yanzu ni ɗin ne nake cewa ka ɗauka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
a Wudil.